Lambar Marigayi Malam Idi

Har in koma ga Allah ba zan manta da wata Laraba ta cikin bazara ba, lokacin ina teknisiyan a wani proje na kula da tsofaffi a Dakoro. Ku da kuka zo aikin nan daga baya ku saurara, amma ku sani ba labarin bajintata ba ne.

Aikinmu shi ne raba wa tsofaffi wani ɗan maɓalli da bai fi goro girma ba, su rataya a wuya. In mutum ya faɗi ko ciwo ya taso masa, sai ya danna. Saƙon ya bi iska zuwa antena mafi kusa, ita kuma ta miƙo shi biro, wato ofishinmu, ta rezo irin na wayar salula. Na'urarmu sai ta yi ƙara, ta nuna lambar mai maɓallin, da antenar da ta kama saƙon, da ƙarfinsa, da lokacin da aka danna. In rezo ya ɗauke, antena takan riƙe saƙo har ya dawo, shi ya sa wani kiran kan iso a makare.

Ranar ni kaɗai ne a biro. Bayan azahar na'ura ta ɗauki ƙara, na duba, sai ga lambar Malam Idi. Malam Idi kuwa kwanansa goma a ƙasa, da ni aka yi masa salla. Iyalinsa sun nemi maɓallin ba su gani ba, ni da hannuna na rufe dosiyensa, wato takardun rajistarsa.

Na ce tsohon saƙo ne, na danna "an karɓa", ƙarar ta tsaya. Ba a jima ba ta sake tashi. Da na duba lokacin dannawa, sai na ga yanzu-yanzu ne. Antenar da ta kama shi ita ce ta wajen maƙabarta, saƙon kuma rauninsa irin wanda muke gani ne in maɓalli ya faɗa rami.

Ga rana tsaka, ga hayaniyar 'yan kabu-kabu a waje, amma ni sanyi nake ji. Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba. Duk sanda ta yi ƙara sai in miƙa hannu in danna "an karɓa" don ta yi shiru, ba tare da na kalli allonta ba. Sau bakwai na yi haka, ban kira kowa ba.

Da la'asar shef ɗinmu, Madam Rabi, ta shigo.

"Haruna, mi ya same ka?"

"Shef, Malam Idi ne ke kira."

Ta daɗe tana kallon allon. "Tun yaushe?"

"Tun azahar."

"Mamaci ba shi danna maɓalli. Tashi mu tahi gidansu."

A gidan, ɗan marigayin, Sanusi, ya rantse sun bincike ɗakin kaf. Madam ta ce, "Kayan sawarshi hwa?" Ya ce ran addu'ar bakwai suka yi sadaka da su, kamar yadda aka saba. Nan matar marigayin ta yi magana daga bayan labule. Ta ce Malam ya ƙi rataya abin, wai abokansa na masallaci suna ce masa akuya mai ƙararrawa, sai ya sa baduku ya naɗe shi da fata kamar laya, ya ɗinke a cikin shuɗiyar rigarsa. Takaba ta sa abin ya shige mata. Rigar kuwa an ba Tanko mai itace.

Muka hau moto, wato babur. A bayan maƙabarta muka tarar da jakin Tanko tsaye bakin wata tsohuwar rijiya da rufinta ya rufta. Tanko yana ciki, ƙafa a karye, murya ta dishe. Da igiyar wasu makiyaya muka fito da shi.

Washegari na je duba shi a likita. Ya kama hannuna ya ce, "Da na hwaɗa, na laluba na ji laya cikin rigar Malam, na riƙe ina matsawa. Duk na matsa sai ta motsa cikin hannuna. Na ce Malam ya ji ni, shina turo mutane. Shi ya hana ni sakin rai."

Haka aka ƙera maɓallin: in an danna "an karɓa" a biro, sai ya girgiza don mai kira ya san taimako yana tafe. Sau bakwai na yi wa bawan Allah nan alkawari, alhali ina zaune ina neman ƙarar ta rabu da ni.

Ƙafar ba ta koma daidai ba. Majo, babban jami'in jinya da ya duba shi, bai ce jinkirina ne ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Tun daga ranar, in mai maɓalli ya rasu, nakan bi rigunansa har inda aka kai su sadaka. Ku kuma ku riƙe wannan: lamba ko ta wane ce, hannun mai rai ne a kanta, kada ku danna "an karɓa" sai kuna tsaye da makullin moto. Tanko har yau in ya gan ni a kasuwa sai ya ɗingiso ya yi mini godiya, ni kuwa ban taɓa iya gaya masa ba.