Tumakin da Suka Yi Gabas

Kakan mahaifina da ƙanensa su suka fara kai tumaki wani kwari a arewacin Damagaram, zamanin da Faransawa ke kwasar mutane aikin dole. Ba kowa a wurin sai kuraye da ƙaya. Suka haƙa rijiya, suka kafa bukkoki, tumaki suka yaɗu, mutane suka biyo su har wurin ya zama gari. Da sojan Nasara suka gano hanya, suka riƙa zuwa suna kama raguna ba ko sallama, ƙanen ya ce shi kam ba zai zauna ba. Aka raba garke, ya kora nasa ya yi gabas da niyyar Makka. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Gwaggona, yayar babana, ita ce ta riƙe wannan tarihi. Ranar da zan taho Alƙahira karatu ta ce, "Ɗana, gabas za ka. Ka riƙa tambaya."

Na daɗe a unguwar Hayyus Sabi'i ta Alƙahira ban ji komai ba. Wata shekara, gab da Babbar Salla, na raka abokina zuwa unguwar Ard al-Liwa sayen rago. A bakin shinge muka tarar da wani dattijo, Bahaushen Sudan da yaƙi ya koro, yana duba haƙoran rago yana tsaki. Da ya ji Hausarmu sai ya juyo.

"Samari, daga ina?"

"Damagaram, Baba."

"Ikon Allah! Kakana ma can ya baro, da tumakinsa. Bai kai Makka ba, a bakin kogin Nilu ya yada zango har ya rasu."

Ya ce tsohon yakan ba su labarin wansa da ya bari a bakin rijiyar da suka haƙa tare. Ya faɗi sunan kakan nasa, ya kwatanta tsagar da suke yi wa tumaki a kunne. Ni kuwa ban san ko ɗaya ba, kuma Gwaggo ta rasu da daminar da ta wuce.

Na kira babana. Ya ce, "Wallahi ita ce ta san waɗannan. Tumakinmu fari ya cinye su tun ina yaro."

Na sanar da dattijon, ya ce, "Ma'alish, ba komai, ɗana. Ko ba jini, ai ƙasa ɗaya ce."

Na riƙa kai masa ziyara ran Juma'a, muna shan shayi a ɗan ɗakin da yake zaune da 'yarsa da jikoki. Wani lokaci ya ƙura mini ido ya ce goshina irin nasu ne, sannan ya yi dariya. Da gwaggona ta ƙara ko shekara guda, da na haɗa su a waya sun warware mana.

Bayan azumi 'yarsa ta matsa su koma gida Sudan. Na raka su tashar jirgin ƙasa, na ɗora musu kaya. Ya kira ni daga Aswan, kusa da iyakar Sudan, daga nan lambar ta daina shiga.