Gishirin da ke kan injin anga

Ɗakina na farko a Paris a hancin jirgin ruwa yake. A farkon shekarun tamanin ne, ina taya wani Alhaji ɗan garinmu tsaron shago a unguwar Barbès, ina kwana a kan dilolin atamfa, har aka haɗa ni da wani tsohon Bature da ke zaune cikin jirginsa a bakin kogin Seine. Irin dogayen jiragen dakon kayan nan ne da ake mayarwa gida. Daga shi sai karensa, wani jibgege mai dalalar da yawu. Da tsohon ya ji na taɓa koyon aikin lantarki a Maradi, sai ya ce in zauna a ɗan ɗakin gaba kyauta, in dai zan kula masa da injin anga. Na ce na yarda, amma kare kada ya taka mini ɗaki.

Anga ita ce ƙatuwar ƙugiyar ƙarfe da ake jefawa cikin ruwa don jirgi ya tsaya. Injin da ke jawo ta da sarƙarta yana kan rufin ɗakina daidai. A gefensa akwai makunni mai murfin roba a kan dandamali, da ƙafa ake taka shi. Wayoyinsa suna saukowa ta wani ɗan rami zuwa ɗakina, su wuce wurin baturi. Ƙarƙashin ramin nan ne kaɗai filin da mutum zai miƙe ya kalli gabas, don haka nan na shimfiɗa buzun sallata. Mahaifina ne ya jeme shi da hannunsa daga fatar ragon layya, ya ba ni ranar da zan taho. Ban sake ganinsa ba, ya rasu ina can.

Injin nan ya sha mini kai. Tsohon yana shirin tuƙa jirgin zuwa Lyon wurin 'yarsa in bazara ta yi, ni kuma in raka shi, saboda haka kowace Lahadi da yamma sai ya gwada shi. A taka makunni, a ji ƙas, shi ke nan. Sai in fara daga baturi, in bi waya da ƙwan fitilar gwaji, in duba fis ko ya ƙone. Kullum cutar wuri ɗaya take: in na buɗe makunnin sai in tarar da bakin wayoyin sun yi kore shar, ga wani farin gari-gari ya daskare a kai. In kankare, in goge har jan ƙarfen ya fito, in shafa man giris, in ɗaure. Injin ya tashi da ƙarfinsa, sarƙa na ƙara. Bayan 'yan makonni mu koma gidan jiya.

Ina da wata ɗabi'a irin ta masu aikin waya. In na kwance ƙananan kusoshi, a leɓena nake riƙe su don kada su faɗa ruwa, waya kuma da haƙori nake feɗe ta. Kullum nakan ji gishiri a bakina. Na tambayi tsohon, ya ce ai jirgin ya taɓa zuwa bakin teku. Wari kuwa na ɗora wa lakar kogin da sarƙa ke kwasowa, don ƙasan kogin nan Allah kaɗai ya san abin da ke kwance a ciki. Ɗigon da nake tararwa a kan buzuna da yamma, mai ɗan rawaya-rawaya, na ce raɓa ce ta biyo tsatsa. In sa hannu in share, in ta da kabbara.

Da sassafe nake fita shago, ban taɓa ganin hantsi a jirgin ba sai da muka kama hanyar Lyon. Mun yi kwanaki muna bin magudanan ruwa, har muka fito kogin Saône. Wata safiya muna tsaye a kan anga, tsohon ya ce in ɗaga ta mu tafi. Na taka, ƙas. Na durƙusa na buɗe makunnin, kusoshi a baki. Ina nan durƙushe ya buɗe wa karen ƙofa. Dabbar nan ta taho tiryan-tiryan, ba ta ko shinshina ba, irin tafiyar wanda ya san wurinsa, ta ɗaga ƙafa a jikin injin. Ina kallo abin ya gangaro, ya kewaye makunnin, ya bi tsagar robar, ya sulale ta ramin wayoyi.

Na tofar da kusoshin cikin kogi. Sai amai. Na yi ta kelaya shi ta gefen jirgi, na kurkure baki da sabulun wanki, na goge harshe da hannun riga, gishirin nan yana nan. Wallahi ban taɓa jin ƙyamar bakina ba sai ran nan.

Tsohon kuwa dariya ya yi har da riƙe ciki. "To ga shi ka gano cutar! Kowace safiya nan yake yi, tun yana ɗan kwikwiyo."

"Ka sani, ka bar ni ina sa hannu?"

"Fitsari ne fa kawai, yarona. Ruwa ne."

Ban ce masa komai a kan baki ba, ban ce komai a kan buzu ba. Ta ina zan fara? Na sa safar hannu ta roba, na wanke wurin da ruwan zafi, na sake wayoyin, na yanko robar tsohuwar taya na rufe makunnin, na toshe ramin. Injin bai sake tsayawa ba. Na roƙe shi ya riƙa sauke karen a gaɓa da safe. Ya ce kare ya riga ni zuwa jirgin nan, kuma ya tsufa da koyon sabon wuri. Muna isa Lyon na naɗe kayana, ɗakin kyauta ya ƙare.

Wani kawuna yana aikin masana'anta, yana zaune can saman wani dogon bene a Vénissieux, a gefen Lyon. Bayan gaisuwa na zayyana masa komai, kaina a ƙasa.

"Kawu, sallolina fa? Wata da watanni ke nan."

"Ba ka sani ba, ɗana, babu komai a kanka. Buzu kuma fata ce, ka wanke ta, ta tsarkaka."

Na wanke buzun a bahon wankan Kawu har gashin ya fara zuba, na shanya a taga. Ya bushe fes, ba wari ba tabo. Da magariba na shimfiɗa shi, na yi ruku'u, na sauka zan kai goshi, sai gishirin nan ya taso mini a harshe. Na janye buzun gefe, na ƙarasa a kan siminti.

Yana cikin akwatina har yau. Hannun mahaifina ne ya jeme shi, ba zan iya yar da shi ba, goshina kuma bai sake taɓa shi ba.