Mai bindigar da ya same ni a bakin tafki

Ina durƙushe a bakin tafki, idona a jikin kyamara, rana ta fara leƙowa ta bayan duwatsun Asir, sai na ji taku a bayana.

Wajen 1986 ne, ina aikin nas a Riyadh. Ni da abokina Sani muka ɗauki hutu, muka tafi yankin Asir a kudancin Saudiyya, muka goya jakunkuna, muka hau dutse muka kwana. Shi ya koma barci bayan asuba.

Na waiwaya, sai ga wani dattijo da bindiga a kafaɗa. Gabana ya faɗi. A lokacin ɗaukar hoto a inda bai dace ba yana iya sa a kora mutum gida, ga shi na manto iƙamata, wato takardar izinin zama, a gidana a unguwar Naseem ta Riyadh.

Ya nuna kyamarar. Na ce, "Mamnu' ne, an hana ne, ya ammi, kawuna? Wallahi ruwa kawai nake ɗauka."

Ya ce, "Ya waladi, yarona, ruwan nan ba inda zai je. Ni za ka ɗauka. Ɗana yana karatu a Riyadh, ya daɗe bai gan ni ba."

Ashe makiyayi ne. Na sauke ajiyar zuciya, na ce ya gyara tsayuwa. Ya gyara har da bindigar. Bayan na ɗauka, ya gaya mini sunan ɗan da inda yake karatu.

Da na dawo Riyadh na wanke fim ɗin a kasuwar Dira, na nemi ɗan na kai masa hoton. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba ya rame." Ya sumbaci hoton.

Ku fa, wa ya taɓa tsinka muku zuciya, ashe alheri ne ya kawo shi?