Goshi da Kwandon Baffa Ilu

Har yau in na ji ƙaurin karan dawa a wuta, sai yatsuna su soma ƙaiƙayi kamar ina ɓarar zoɓo a tsakar gidanmu na ƙauye, can tsakanin Sule Tankarkar da Gumel. Da kaka, in an gama kai amfanin gona gida sanyi ya fara saukowa, kakarmu Dada takan sa a hura wuta a ƙofar ɗakinta bayan sallar isha'i. A zuba zoɓo a faifai, kowa ya ja nasa gabansa. Dokarta ɗaya ce: wanda hannunsa ya tsaya, tatsuniya ma ta tsaya. Da wannan wayon take sa mu ɓare buhu guda ba mu sani ba.

Dada Bafulatana ce, a ruga aka haife ta wajen Maigatari, aure ya kawo ta cikin manoma. Shanu ta baro su can, amma ta taho da wani sani da mutanen gidanmu suka daɗe suna yi mata dariya a kansa: ta san kare kamar yadda ungozoma ta san jariri. Tana da wata jar karya mai suna Bar-su, sunan kuwa amsa ce ga masu cewa me tsohuwa mai carbi za ta yi da kare. Sai dai tana da ƙa'ida. Bar-su ba ta shiga ɗaki, ba ta taka wurin sallah, kaskonta daban yake a bayan rumbu, kuma duk wanda ya taɓa ta sai ya wanke hannu kafin ya kusanci kwano.

"Kare ma'aikaci ne," in ji Dada. "Ba ɗanka ba ne ka goya shi, ba maƙiyinka ba ne ka jefe shi. Ba shi haƙƙinsa, ya ba ka naka."

A kakar da nake ba ku labari, Bar-su ta haihu a ƙarƙashin rumbu. Dada ta zuba mata busasshen yashi, ta shimfiɗa tsohon buhu, ta ninka mata abinci: jiƙaƙƙen kanzo, ɗan tsala, da ruwa mai tsabta safe da yamma. Ta hana mu kai hannu wurin 'ya'yan sai sun buɗe ido, ta ce mai jego ce, mai jego kuwa ko ta mutum ba ta son a dame ta. Kullum da hantsi za ta durƙusa ta duba kunnuwan Bar-su da tsakanin yatsunta, ta cire kaska ta jefa a murhu. Ni ce mai riƙe mata kasko, don ni ce takwararta, sunanta aka sa mini. A nan na ga wani ɗan kwikwiyo mai fari a goshi, wanda kullum 'yan uwansa ke ture shi daga nono amma ba ya fushi, sai ya zagayo ta wani gefen. Na sa masa suna Goshi. Ina son sa irin son da yaro ke yi wa abu, wanda ba ya jin magana.

Baffa Ilu, ƙanen babanmu kuma autan Dada, kiwon ragunan turke yake yi, yana kaiwa kasuwar Maigatari. A makon nan aka kwance wa maƙwabcinmu rago cikin dare, hankalin Baffa ya tashi, don duk abin da ya mallaka yana ɗaure a turakun nan. Ranar kasuwa da yamma sai ga shi ya dawo da sabon kwando a bayan keke. Ya gaishe da Dada, ya tsuguna.

"Dada, wancan mai farin goshin nake so. Gobe da safe zan ɗauke shi."

"Ilu, ai ko ido bai gama washewa ba."

"Haka ake so. Mutanen kasuwa sun ce tun yana ɗanye ake raba shi da uwar. A kifa masa kwando kada ya ga kowa, a yanke kunnen, a riƙa barbaɗa masa barkono a abinci, kuma kada a bari ya ƙoshi. Kare mai ƙoshi barci yake yi. Ni mai zafi nake so, wanda ko ni zan ji tsoronsa."

Dada ta dube shi, ta dubi kwandon, ta ce, "To."

Ni ban san to ɗin Dada iri-iri ba ne a lokacin. Na zaga bayan rumbu na yi ta kuka, ina kallon Goshi yana barci a kan cikin uwarsa, ina ƙiyasta shi cikin duhun kwando da barkono a baki. Dada ta same ni a can. Ba ta lallashe ni ba, ita ba ta iya lallashi ba. Cewa kawai ta yi, "Takwara, share majinar nan, zoɓo na jiran ki." Sai da na girma na gane cewa ba za ta tsaya musu da mutum mai gemu a gaban matarsa da 'ya'yan 'yan uwansa ba. Tana da wata hanyar.

Da aka hura wuta, Baffa ya zauna can gefe a kan kifaffen turmi yana tufka igiyar da zai ɗaure Goshi da ita, rediyo na gefensa. Shi a wurinsa tatsuniya ta mata da yara ce. Dada ta gyara zama, ta ce, "Ga wata nan a bakin ƙofa, tana jin sanyi." Muka amsa yadda ta koya mana, "Ta shigo ta sha wuta."

Wai a wani gari an yi wata karya da ta haifi 'ya'ya biyu a gindin suri. Akwai wani mutum mai tumaki da yawa, mai gaggawa, wanda ko kunu ba ya jira ya huce. Ya je ya sunkuci ɗaya tun idonsa na rufe, ya kifa masa kwando, ya yi masa duk abin da aka ce ana yi. Kare ya tashi ramamme, ido ja, ba ya sanin kowa. Ya ciji mai tallan nono, ya ciji surukin gidan, har mai shi sai da sanda yake miƙa masa abinci. Mutumin yana ta murna, yana cewa a majalisa shi kam ya yi kare. Ko suna bai sa masa ba, "kai" kawai yake ce masa.

Ɗayan kuwa wata tsohuwa ce mai awaki uku ta nuna shi ta ce nata ne, amma ta bar shi wurin uwarsa. Kullum ta kai wa uwar tuwo, ta zauna nesa tana kallo. Uwar ta koya masa abin da mutum ba zai iya koya masa ba: in ya ciji ɗan uwa da ƙarfi ta make shi, in baƙon motsi ya zo ta nuna masa yadda ake sauraro. Sai da uwar da kanta ta fara ture shi daga nono, haƙora sun fito, sannan tsohuwa ta ɗauko shi ta ajiye a cikin awaki. Tare suke kwana, tare suke tashi. Ta sa masa suna Na-gida.

Rannan Kura ta shigo gari da yunwa. Nan Dada takan kumbura murya, ta karkata kafaɗa ɗaya irin tafiyar kura, mu kuwa mu matsa kusa da juna. Kura ta fara da gidan mai tumaki, ta tsaya a bayan danga da ƙashi a baki, ta rera:

"Kare, kare, wa ya ba ka tuwo?
Kare, kare, wa ya san sunanka?"

Karen kwando ya ba ta amsa da waƙa. Wannan amsar ce ta ɓace mini shekara da shekaru, zan kuwa zo kanta. Abin da ban manta ba shi ne, lokacin da Dada ta rera ta, na ji rediyon Baffa ya yi shiru. Kura ta jefa wa karen ƙashi. Tunda aka haife shi ba wanda ya taɓa ba shi abu da daɗin rai sai ita, don haka ya kwanta yana gwaguya, tana wucewa da tumaki ta gabansa ɗaya bayan ɗaya.

Da ta je gidan tsohuwa ta rera waƙar nan, Na-gida ko kallon ƙashin bai yi ba. Ya ce ya ci ya ƙoshi tun magariba, sunansa kuma kowa ya sani, awakin nan ko 'yan ɗakinsu ne. Ya ɗaga kai ya yi haushi har gari ya tashi, Kura ta ranta a na kare.

"Shi ke nan, ta sha wuta ta tafi," in ji Dada. Ta tura wani kara cikin wutar, ta ƙara da cewa, kamar da mu take, "Yunwa ba ta yin gadi, yara. Wanda ka hana, na wanda ya ba shi ne."

Ba wanda ya dubi inda Baffa yake. Ni dai ban yi barcin kirki ba.

Da safe na riga kowa zuwa bayan rumbu. Goshi na nan. Da hantsi yana nan, da la'asar ma yana nan. Kwana biyu bayan haka na ga sabon kwandon a kife kan kazar matar Baffa da 'yan tsakinta. Baffa bai taɓa cewa ya fasa ba. In an tambaye shi sai ya ce aiki ne ya yi masa yawa, kuma ya ci gaba da cewa tatsuniya shirme ce. Amma shi ya riƙa kwana a rumfar ragunansa cikin sanyin nan har Bar-su ta yaye 'ya'yanta. Ranar da Dada ta ce ya isa, da hannunsa ya ɗauki Goshi, da kunnuwansa biyu lafiya, ya kai shi cikin raguna. Da malamin dabbobi ya zo daga Gumel yin allura, Dada ta sa Baffa ya riƙe Goshi aka yi masa ta ciwon hauka, aka ba shi maganin tsutsar ciki. Goshi bai taɓa cizon kowa ba. Bai da wani kwarjini, yara har hawansa suke yi. Amma tsawon rayuwarsa ba a taɓa kwance wa Baffa rago ba, don ko akuyar maƙwabta ce ta gitta da dare sai ya tashi unguwa.

Dada ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙan ta. Ni aure ya kai ni Gagarawa, na haifi nawa, wayar hannu ta cinye hirar dare. Na ɗauka tatsuniyar ta tafi da mai ita, ko da yake maganarta ta sha dawo mini a wuraren da ba kare, wajen renon 'ya'ya da zama da mutane. Na ga waɗanda aka tsananta wa don su yi kyau, suka bi na farkon da ya yi musu murmushi a waje.

Bara da kaka, Baffa Ilu ya sauka a gidanmu, za a duba masa ido a Gumel. Ya tsufa, gemu fari fat, sai an ja shi. A yammacin nan maigidana ya dawo daga Gagarawa Tasha da kwali a bayan babur, wani abu na kuka a ciki. Ɗan kwikwiyo ne, ko tsayuwa bai iya ba. Ya ce na gadin rumbun riɗinsa ne, kuma abokansa sun gaya masa yadda ake yi: a kulle shi a ɗaki mai duhu, kada ya saba da kowa, kada ya ƙoshi.

Na buɗe baki zan yi magana, sai na ji kaina na ce, "To."

Bayan isha'i na hura wuta a tsakar gida, abin da ban taɓa yi ba, na karɓe wayoyin yara. Maigidan da Baffa suna kan tabarma a ƙofar zaure. Na ce ga wata nan a bakin ƙofa tana jin sanyi, na koya musu amsar, na kama hanya. Na kawo mai tumaki, na kawo tsohuwa, na kawo Kura har bayan danga, na rera tambayarta. Sai na tsaya cak. Amsar karen ba ta zo ba. Yara suna kallo na, kwikwiyo na kuka a kwali, ni kuwa kewar Dada ta taso mini.

Daga ƙofar zaure sai wata tsohuwar murya ta ɗauka, tana rawa, amma ba ta ɓata ko kalma ɗaya ba:

"Ba ni da tuwo, ba ni da suna,
Igiya ce uwata, kwando ne ubana,
Wanda ya ba ni, shi ne nawa."

Na ce, "Baffa, ashe kana ji? Ai cewa ka yi ta mata da yara ce."

"Rediyon ne batirinsa ya mutu a daren," in ji shi. Ya goge ido da bakin rawani, ya laluba ya dafa gwiwar maigidana. "Malam, gobe in za ka kai ni asibiti, mu biya ta Tasha. Uwar ɗan nan tana can tana neman sa."