Shekarar da Na Tsare Raga

Ina ƙarama aka tashe mu daga Zangouettin, tsohuwar unguwar Hausawa ta tsakiyar Wagadugu, saboda za a yi sabon tsarin gari a wurin. Dangi da maƙwabta suka watse, kowa ya nufi inda ya samu fili. Mu muka faɗa can bayan Tampouy, inda kwalta ta ƙare, cikin Mosawa. Baba bai bar sana'arsa ta atamfa ba, sai dai kasuwar da a da yake zuwa a ƙafa ta koma sai ya hau moto, wato babur, tun da sassafe. Ni kuma na tashi da harshe uku a baki: Hausa a gida, yaren Mosi a bakin famfo, Faransanci a lakol, wato makaranta.

Lise ɗinmu, wato makarantar sakandare, na gwamnati ne, sabon gini a lokacin, amma tun a shekarar farko ya yi wa ɗalibai kaɗan. Uku-uku muke zama a benci. Idan rana ta take, rufin kwanon sai ya riƙa ƙara kamar ana soya wani abu a kansa. 'Ya'yan Hausawa ba mu da yawa, kuma ba mu cika yin Hausa a can ba. Ni dai ba a san ni da komai ba. Ba na cikin na gaba a aji, ba na cikin masu surutu. In an tashi, in ɗauki kekena in yi gida.

Bayan ajujuwa akwai filin ƙwallon hannu. Jar ƙasa ce kawai da aka ja wa layi da toka, sai ƙarafa biyu a kowane gefe. Wata ranar Alhamis ina wucewa ta gefensa, littattafaina a hannun hagu, sai na ji an ƙwala ihu. Ina waigawa na ga ƙwallo ta nufo fuskata. Ban yi tunanin komai ba, na ɗaga hannun dama na cafe ta, na jefa musu abarsu, na ci gaba da tafiya.

Malamin wasanni ya hura usur. Wani siririn mutum ne mai furfura a gemu, kowa Mushe yake ce masa, wato Malam da Faransanci, kamar sauran malamai maza.

"Ke mai shuɗin kallabi, dawo nan," ya ce da Faransanci. "A ina kike wasa?"

"Ba na wasa, Mushe."

"To wa ya koya miki cafiya?"

Na ce ba kowa. Sai daga baya na gane amsar. Duk ranar hutu a rumfar Baba nake yini, yayana yana saman tsani yana wurgo turamen atamfa, ni ina ƙasa ina tarewa, kuma idan ɗaya ya taɓa ƙasa na shiga uku.

Mushe ya tsayar da ni tsakanin ƙarafan nan, ya ce 'yan matan su yi ta jifa. Wasu ƙwallayen suka shiga, da yawa ba su shiga ba. Ta ƙarshe ita ce kyaftin ɗinsu, wata doguwar 'yar Mosi da ke ajin da ke gaba da namu. Ta yi tsalle ta sako ƙwallo da ƙarfin da ban taɓa gani ba. Ta same ni a ciki, na durƙusa ina neman numfashi, amma ƙwallon tana rungume a jikina. Ta zo ta ɗaga ni tana dariya, ta ce da yaren Mosi, "Mushe, mun samu. Kar ka bari ta gudu."

Matsala biyu ce ta tsaya mini. Ta farko dokar Mushe: duk wadda makinta ya faɗi ƙasa da rabi a ƙarshen zango, ba za ta taka filinsa ba. Ni kuwa darasin kimiyyar fizik ya riga ya kama ni a wuya. Ta biyu Baba.

Na bari sai da ya ci abinci ya sha shayi, sannan na durƙusa gefen tabarmarsa na faɗa masa. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata," ya ce, "na kai ki lakol ne ki riƙe alƙalami. Tsalle-tsalle da gajeren wando a gaban jama'a ba namu ba ne. A bar maganar."

Na bar ta, amma Gwaggo ba ta bar ta ba. Gwaggo yayar Baba ce, tela ce, a gidanmu take zaune tun rasuwar mijinta, kuma duk gidan ita kaɗai ce Baba ba ya iya katse wa magana. Ba ta ce masa komai ba a ranar. Alhamis ta gaba sai ga ta a bakin filin lise, ta yafa mayafinta, ta nemi dutse ta zauna tana kallo har aka tashi. Sannan ta tare Mushe da guntun Faransancinta na kasuwa. Ya bayyana mata cewa mai tsaron raga ai dogon wando da riga mai dogon hannu take sawa a ko'ina, saboda faɗuwa da zafin ƙwallo.

Da muka dawo gida ta tsaya a kan Baba.

"Na je na gani da idona. Yarinyar nan a rufe za ta yi wasanta, ni zan ɗinka kayan. Malaminsu kuma ya fi ka zafi a kan karatu. Sai me kuma?"

Baba ya daɗe yana juya kofin shayinsa. "Yaya, idan karatun ya ja baya fa?"

"Ni da kaina zan kekketa wandon."

Haka na samu izini. Gwaggo ta ɗinka mini baƙin wando da riga ruwan ɗorawa, ta cusa ƙyallaye a gwiwa da gwiwar hannu ta bi su da ɗinki. Na fito kamar ƙaramar katifa. 'Yan ajinmu suka yi ta dariya, har sai da suka ga ina faɗuwa a kan tsakuwa ina tashi ba ƙwarzane.

Fizik kuwa kyaftin ce ta ɗauke shi a kanta. Da tsakar rana, lokacin da kowa ke layin sayen shinkafa da wake a bakin ƙofa, sai ta ja ni ƙarƙashin darbejiya. Ba ta bin littafi. Da yaren Mosi take bayani, da ƙwallo a hannu. Ta jefa sama ta ce in duba yadda take lanƙwasowa, ta tambaye ni me ya jawo ta ƙasa, me ya sa ta yi nisa. Abin da na yi wata da watanni ina kallo a allo kamar rubutun aljanu sai ya fara zama magana. Ladanta ɗaya ne: in koya mata Hausar ciniki, don ta ce 'yan kasuwarmu suna cutar ta. Ranar da ta iya cewa "Haba Alhaji, albarka dai, rage mini" ba tare da ta yi tuntuɓe ba, mun yi dariya har muka makara shiga aji. Da zangon ya ƙare na haye rabi, ba da nisa sosai ba, amma na haye.

Muka shiga gasar makarantun birni. Mun ci wasanni, mun yi kunnen doki a wasu. Sau ɗaya aka yi mana dukan da ba na mantawa, a hannun wata makarantar kuɗi ta wajen Koulouba. Filinsu na siminti ne, takalmansu iri ɗaya. Suna da wata 'yar bahaguwa wadda ta mai da ni abin wasa, duk inda na faɗa sai ƙwallo ta bi ɗaya gefen. Na yi kuka a bayan motar da ta dawo da mu. Mushe bai rarrashe ni ba. Ya ce, "Kina kallon idonta. Ido yana ƙarya. Ki kalli kafaɗa." Daga ranar ya sa kyaftin ta riƙa jifana da hagu bayan kowa ya tafi, har magariba ta kusa.

Da aka zo wasan ƙarshe, sai ga shi mu da su ne kuma.

Ban san abin da Gwaggo take ƙullawa ba. Ashe duk suna da bikin da ta je a makonnin nan sai ta sanar. Matan tsohuwar unguwarmu, waɗanda tun da aka watse ba sa haɗuwa sai a gidan rasuwa, kowace ta ji cewa 'yar gidan mai atamfa za ta tsaya a gaban birni. Ranar wasan, wata Asabar, muna ɗumama jiki a filin da aka zaɓa, sai na ji hayaniya a bakin ƙofa. Babura masu ƙafa uku ne suke sauke mata, da mayafai kala-kala, da kuloli, da jarkokin zom-kom, wato ruwan garin gero mai sanyi da ake sha a Waga. Wasu na san su, wasu sai dai a ce mini wannan ita ta yi miki wanka kina jaririya. Suka rungumi juna, wasu har da hawaye, suka baje tabarmi a bayan ragata. A ɗaya gefen kuma 'yan lise ɗinmu ne, maza da mata, suna dukan jarkoki suna waƙa da yaren Mosi. Kafin a fara wasa sassan biyu sun haɗe, tsofaffin suna tafi a kan kiɗan yara.

Can nesa, kusa da katanga, na hango Baba tsaye jikin motonsa. Ranar Asabar, ranar ciniki, ya rufe rumfa.

Farkon wasan bai yi mana kyau ba. Bahaguwar ta zura mini biyu a jere. Na ji muryar Gwaggo ta keto duk hayaniyar: "Ke! Buɗe idonki, ba a gidanku kike ba!" Na uku na kalli kafaɗa, na tare. Na huɗu ma haka. Duk sanda na tare sai guɗa ta tashi a bayana, irin wadda ban taɓa ji ba sai a ɗaurin aure. 'Yan makarantar kuɗin suka fara waige. Namu suka farfaɗo, kyaftin ta yi ta ratsa su. Aka yi ta ja, su ci mu rama, mu ci su rama, har lokaci ya kusa cika muna daidai.

Sai wata cikinmu ta ture mai jefawa a bakin layi. Alƙalin wasa ya nuna bugun kai tsaye, ni da mai jifa kawai. Bahaguwar ce ta ɗauki ƙwallo.

Filin ya yi tsit, ban da wata tsohuwa a bayana da ke ta salati. Yarinyar ta kafe ni da ido, ta kalli kusurwar dama ta sama. Ban bi idon ba. Na ga kafaɗarta ta sauka, na watsa jikina ƙasa ta hagu. Ƙwallon ta daki yatsuna da zafi kamar an zuba mini garwashi, ta faɗi gabana tana birgima. Na rarrafa na danne ta. Ina ɗagowa na ga kyaftin ta riga ta yanka da gudu, hannunta a sama, ba kowa a gabanta. Na tattara abin da ya rage mini na ƙarfi na wurga. Ta cafe, ta yi taku, ta tashi sama, ta zura. Ba a daɗe da mayar da ƙwallo tsakiya ba aka hura usur.

Abin da ya biyo baya ban gan shi daki-daki ba. Na san dai an ɗaga ni sama, na san kallabina ya ɓace, wata ta yafa mini mayafinta. Na ga Mushe, mutumin da ba ya dariya, yana rawa da jarka a ka. Na ga Gwaggo ta rungume kyaftin tana cewa "'yata, 'yata", ita kuma tana amsawa da Hausar cinikinta, "Albarka, Hajiya, albarka!" Shugaban makarantarmu ya karɓi kofi, ya miƙa wa kyaftin, ita kuma ta ɗora mini a hannu.

Baba bai shigo cikin taron ba sai da ya lafa. Ya zo ya kama hannuna yana juya shi, yana duba yatsun da suka fara kumbura.

"Uwata, bai karye ba ko?"

"Bai karye ba, Baba."

"To madalla." Sannan ya ƙara da cewa, "Na ga kin sha ƙasa sosai." Yana faɗa yana ƙoƙarin danne murmushi, ya kasa.

Matan ba su watse ba, gidanmu suka biyo mu. Tsakar gida ta cika, aka buɗe sauran kulolin, aka kira maƙwabtanmu Mosawa suka shigo aka ci tare. Inna ta zaunar da ni a bakin ɗaki tana murza mini man kaɗe a yatsu, ina cije leɓe. A gabanmu ana ta gardamar wasan, kowace da nata bayanin, alhali yawancinsu ranar suka fara ganin ƙwallon hannu. Wata tsohuwa, ƙawar kakata, ta matso kusa da ni ta dafa kafaɗata.

"Jikata, ni abu ɗaya ne ban gane ba," ta ce. "Duk yaran nan suna gudunsu, ke kaɗai aka tsayar ana jifa. Laifin me kika yi musu?"

Tsakar gidan ta kece da dariya. Gwaggo ta tashi tsaye, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta ɗauki ƙwarya a matsayin ƙwallo, ta fara yi mata bayani tun daga farko.