Famfo Biyu a Lorin Mutala

Yayana Mutala mutum ne da bakinsa bai iya cewa a'a ba. Tun muna yara a Maamobi haka yake. Ba shi kokon da ya kwana, zai shanye, ya yi maka godiya, sannan ya wuni yana fama da cikinsa. Ni Sahadatu kuwa Allah bai yi ni haka ba, shi ya sa rabin rayuwata ya tafi wajen yi masa faɗa.

Sana'arsa tuƙi. Yana da wata tsohuwar lori mai bodin katako da ya karɓa daga hannun Baba Ziblim, yayan mahaifiyarmu, wanda ya koya masa aikin. Doya da gawayi yake ɗaukowa zuwa kasuwar Nima. Amma abin da aka fi sanin motar da shi daban ne. Duk wanda ya rasu a unguwarmu, ita ke kai shi maƙabartar Awudome, fisabilillahi. Baba ne ya fara, Mutala ya ɗora. Ran da tsohon ya miƙa masa makulli, abu ɗaya ya roƙa. Ya ce, "Na kai mutane da yawa. In nawa ya zo, kai za ka tuƙa ni, a wannan lori." Mutala ya yi masa alkawari.

To, bayan yunwar nan ta 1983, lokacin da ko ƙusa sai an sha wuya kafin a samu, famfon da ke jawo fetur daga tanki zuwa kafireto ya mutu. Daidai lokacin Baba yana kwance, ƙafafu a kumbure, ko shayi ba ya iya ƙarasawa. Kowa a gidan ya san abin da ke tafe.

Da labari ya bazu sai masu neman lada suka taso. A ganinsu, duk wanda famfonsa ke cikin motar yana da rabo a ladan kowace gawa da za ta ɗauka. Hajiya Abiba mai albasa, surukar Mutala, ta aika Kokompe, inda ake sayar da tsofaffin kayan mota, aka tono mata irin na asali, wanda injin da kansa ke motsawa. Ba a jima ba sai ga Alhaji Jamiu, mai filin da lorin ke kwana, da nasa sabo fil cikin kwali, mai aiki da wutar batir, wai daga Legas. Da rakiya ya kawo shi, har aka shafa fatiha.

Ganiyu, makanikin da ke duba motar, ya jujjuya su a hannu. Ya ce, "Masa, maigida, wannan ba magana ne ba koraa, ko kaɗan. Na Hajiya shi ne na motar. Na Alhaji ya yi ƙarfi paa, ya wuce kima. Kafireto naka tsoho ne, kaɗan-kaɗan yake sha. Ka ɗura mishi da ƙarfi, zai shaƙe, fetur ya zube ko'ina."

Na ce, "Shi ke nan, a sa na Hajiya."

Mutala ya sosa ƙeya. "Sahadatu, ba ki gane ba. In na sa na Hajiya, za a ce na bi suruka na hana Alhaji lada. In na sa na Alhaji, da wane ido zan dubi uwar matata?"

"Yaya, Baba fa mutuwa yake yi! Kai kuma kana nan kana duba fuskokin mutane."

Sai ya tura duka biyun ƙarƙashin gado. Kullum ya fito daga masallaci Alhaji zai ce, "Mutala, ya aikin famfo?" Ya amsa, "Ana kai, Alhaji." Hajiya ba ta tambaya, albasa kawai take aiko mana, har sai da na ji kunyar karɓa. Ana cikin haka wata tsohuwa ta rasu a bayan gidanmu, sai hayar trotro, motar fasinja, aka yi aka cire kujeru. Baba ya ji daga ɗaki. Da na kai masa ruwa ya ce, "Kwana biyu ban ji kukan lori ba." Wallahi ji na yi kamar in fita in shaƙe yayana.

Ran nan ya shigo fuska a sake, kamar wanda aka biya wa Makka. Wai ya samo mafita: zai haɗa su duka biyun, na Alhaji ya turo wa na Hajiya, na Hajiya ya miƙa wa kafireto, kowa ya samu ladansa. Ganiyu ya tattara sifanoninsa ya ce ba da hannunsa ba. Mutala ya shiga ƙarƙashin mota ya ɗaura da kansa. Ya tayar da inji, ya yi tari, baƙin hayaƙi ya turnuƙe fili, shi kuma ya yi maza ya kashe kafin ya ji abin da ba ya so ya ji. Alhaji ya zo ya gani ya sa albarka. Hajiya ma ta zo ta gani ta sa albarka. Ni dai na ce Allah Ya kyauta.

Baba ya cika wata Talata da hantsi. Bayan azahar aka sallace shi, aka ɗora makara a lori, maza suka hau. Mu mata muna ƙofar gida, nan ne iyakarmu. Mutala ya ja mota a hankali. Ko babbar gata, magudanar ruwan unguwarmu, ba ta kai ba ta fara shessheƙa, ta yi gaba kaɗan, ta mutu. Warin fetur ya cika layin, yana ɗiga daga inji kamar ruwan indararo. Wani ya ƙwalla wa mai suyar kifi kira ta kashe wutarta. Mutala ya murza makulli, ya sake murzawa, shiru.

Liman ya yi haƙuri iyakar yinsa. Daga baya ya dubi rana ya ce, "Ba za mu ajiye bawan Allah a kan titi ba." Aka tare trotro, fasinjoji suka sauka ba musu, aka mayar da makara ciki. Aka yi ta kiran Mutala ya zo ya shiga, ko jinsu bai yi ba, kansa na cikin inji.

Ganiyu ne ya sauka daga cikin masu rakiya ya dawo. Ya sa kai cikin inji kusa da Mutala. Suka cire na Alhaji, suka bar na Hajiya, suka mayar da tiyo inda yake, suka busar da fulogi. Da motar ta tashi, Mutala ya bi bayan masu rakiya shi kaɗai, ba kowa a bayan mota. Ko da ya isa an riga an rufe kabari, ana addu'a. Masu rakiya ya kwaso ya dawo da su gida.

Na tanadar masa magana mai yawa, tun daga kan kokon yarinta har zuwa yau. Ya shigo bayan magariba, riga duk baƙin mai, ya zauna a dokin ƙofa. Na buɗe baki ke nan sai ya ɗago kai.

Ya ce, "Sahadatu, har Awudome ko tari ɗaya ba ta yi ba."