Gangar da Na Kai Filin Tanis a Tawa

Mun bar Barmu ana kiran assalatu, ni da makaɗin 'yan kokowar garinmu, gangarsa a naɗe cikin tsohon zane kamar jariri. Tun da na dawo ake tare ni a bakin kasuwa, yaya Tawa, yaya wasan ɗiyarku. Na gaji da kauce-kauce. Ga labarin, mai dariya ya yi abarsa.

Ɗiyar da ake nufi ita ce Ramatu, ɗiyar yayata. Shekarar da aka zo ɗibar yara lakwal, wato makarantar boko, mai gari ya ɓoye nasa ya miƙa tamu, kamar yadda aka yi mini a zamanina. Ni ban yi nisa ba aka koro ni. Waɗanda muka zauna benci ɗaya da su yau suna Yamai cikin mota, ni ina yankan tikiti a kasuwar Barmu. Ita kuwa ta zarce. A makarantar 'yan mata ta Yamai wata malama ta ga damtsenta, damtsen da dakan gero ya gina, ta koya mata tanis. Wasan Nasara ne. Fili ne shafe da siminti, raga a tsakiya, ana buga wa juna ƙaramar ƙwallo da wani abu mai kama da rariya mai dogon mariƙi, raket suke ce masa. Nata wasan na bibbiyu ne, mata biyu nan, biyu can. Da shi take ci, da shi take sha. Tana koya wa 'ya'yan manya, an kai ta Abijan, an kai ta Dakar, kuma duk inda ta je da abokiya ɗaya take zuwa.

Da wani direba ya kawo saƙon za su yi wasa a filin barikin Tawa, yayata ta ce ƙafarta ba ta hawan mota, in je a madadinta. Ba ta ce in ɗauki makaɗi ba. Wannan dabarata ce. A ƙasarmu ta Adar ba a fitar da ɗan wasa fage babu ganga a bayansa, sai in maraya ne.

Motar da muka hau ta ɗaukar kaya ce, an loda mata fatu da buhunan albasa, mu muna can bisa kamar angulaye. Hanyar kun san ta, dutse bisa dutse. Da aka karɓi mulkin kai an ce mana za a gyara ta. Abin da na ga ya canza shi ne tutar gaban motar kumandan mai mulkin yankin, da launin kumandan ɗin. Kusa da ni wani Buzu ne da cuku cikin jaka, rawaninsa ya rufe komai sai ido. Duk ramin da muka faɗa sai ya dafe jakar, makaɗi ya dafe ganga, ni da ba ni da abin dafewa in dafe ƙuguna.

Wajen Kalfu motar ta yi zafi, aka tsaya a ba ta ruwa. Kakar bana ta yi musu kyau, ga dammunan gero a jere, ana ta yaɓe rumbuna. Amma furar da aka sayar mana a bakin hanya, ka duba ƙwarya sai ka ga fuskarka. Na ce wa mai furar gero yana bayanta tana sayar mana da ruwa. Ta ce geron na maigida ne, ruwan ne nata.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Tawa. Garin ya cika ya batse. Teloli mutanen Maraɗi na ta taka keke a rumfuna, dukawan Damagaram sun baza takalma, fataken Sakkwato kuwa suna ciniki da kuɗi iri biyu, kowanne ka ba su kai ne a ƙasa. Sukari ya yi tsada har mai shayi yana sa shi kamar magani. Kilishinsu dai ban ga abin kushewa ba, kuma na nema.

Na bar makaɗi gindin wata bishiya na shiga gidan da aka sauke su. Ramatu ta fito da zane da kallabi, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta tambayi uwarta, ta tambayi kowa har jakin gida. Sannan ta kira abokiyar wasanta, Madam Sesil, doguwa siririya, ungozoma ce a Yamai, iyayenta mutanen Dahomai. Na gaishe ta da ɗan Faransancin da ya rage mini, ta amsa da shi tana murmushi. Na ɗauka ba ta jin Hausa, ban kuma tambaya ba.

Da Sesil ta koma ciki, Ramatu ta rage murya.

"Kawu, akwai wata Baturiya a Yamai tana neman Sesil ta koma wasa da ita. Ba ta ba ta amsa ba tukuna. Shi ya sa na matsa mu zo Tawa, ta ga ƙasarmu, ta ga mutanena. In ta tafi, nawa ya ƙare. Ba ni da wata."

Na ce, "Bar mini wannan, ɗiyata."

Ta dube ni kamar za ta ƙara magana, sai aka kira ta. Ni abin da na fahimta shi ne wata tana yi wa ɗiyarmu yanga don tana ganin ba ta da kowa. Na ce a raina yau za ta san Ramatu tana da dangi.

Bayan la'asar aka fara. Filin yana bayan bariki, an kewaye shi da waya. Ciki an jera kujeru, ga kumandan, ga sauran Nasaran da ba su tafi ba, ga ma'aikata cikin kwat suna zufa. Mu talakawa muna bayan waya. Alƙalin wasa yana bisa wata doguwar kujera kamar mai korar tsuntsaye a gona. Abin da ya fara ba ni haushi shi ne shirun. Mutum ɗari a wuri, ba ka jin komai sai ƙarar ƙwallo, kamar ana jiran a fito da gawa. Sai ƙwallo ta mutu sannan su ɗan tafa, su sake yin tsit.

Ramatu ta fito da farin siket iya gwiwa. Na dubi ƙasa. Makaɗi ya ce wannan kam ba sai mun faɗa wa uwarta ba. Amma da ta fara bugu na manta da siket. Abokan karawarsu Turawa biyu ne, kuma in Ramatu ta sakar musu ƙwallo daga baya, da ƙyar suke maido ta. To a nan ne na ga abin da ya tayar mini da hankali. Duk sanda suka maido ta da ƙyar, tana tafe wajen Ramatu a sanyaye, sai Sesil da ke tsaye bakin raga ta yi wuf ta tsallako gefen Ramatu, ta tare ta, ta kashe. Sai a tafa wa Sesil. Ɗiyarmu ta yi wahala, wata ta kwashe tafi. Suna gaba, suna cin Turawan, amma ni ba wannan nake kallo ba.

Na taɓa makaɗi. Ya kwance zane.

Ramatu ta jefa ƙwallo sama ke nan za ta buga, ganga ta tashi. Ya wasa ta da kirarin da ake yi wa manyan 'yan kokowa, ya kira uwarta, ya kira kakanta, ya kira Barmu. Ƙwallon ta faɗa raga. Alƙali ya ɗaga hannu yana cewa a yi shiru, amma mutanen bayan waya, da suka gaji da zaman makoki, suka ɗauki sowa. Kaina ya yi girma. Na sunkuya na ce wa makaɗi, waccan doguwar mai cin rabon mutane, a taɓa ta. Kun san shi, ba ya neman a faɗa masa sau biyu.

"Ramatu ke daka, wata ke lasa,
Baƙuwa mai dogon hannu,
In gidanku da tuwo, koma ki ci."

Kafin ya maimaita, duk bayan waya an ɗauka. Koma ki ci, koma ki ci.

Sesil ta sauke raket. Ta tako a hankali har bakin waya, ta tsaya gabana. Ganga ta mutu da kanta. Ta yi magana da Hausar Damagaram tsantsa, wadda ta fi tawa daɗin ji.

"Baba, a Damagaram aka yanke mini cibiya. Wane gidan zan koma?"

Ta dubi makaɗi ta ce masa sannu da aiki, ta juya.

Jandarma biyu suka zo suka raka mu waje. Wanda ya nuna musu mu wani akawun kumandan ne, tare muka yi lakwal, ni nake ba shi amsar lissafi. Ya gane ni, na ga ya gane ni, ya kau da kai. Daga gindin itatuwan da aka kai mu ina hangen fili. Aka ci gaba da wasa, Sesil ta tsaya a gefenta, ba ta sake tsallakawa ba ko sau ɗaya. Abin da na nema ke nan, na kuma samu. Ƙwallo ta riƙa wucewa ta tsakaninsu kamar ba kowa a wurin. Ramatu ta yi ta gudu daga wannan kusurwa zuwa waccan har ta fara haki. Turawan da ake ci suka dawo suka cinye su. Ban je gaisuwar dare ba.

Da safe na sayi goro fari mai kyau, na ce wa makaɗi ya shirya wa matar nan yabo, mu je ya wanke abin da ya ɓata. Ya ce zai yi, amma in sani zambo ya fi yabo ƙafa. Ba mu kai bariki ba na gane nufinsa. Masu tallan ƙosai suna rera zambon jiya, masu ɗibar ruwa a rijiya suna yi, har wani tela yana taka keke daidai da amshin.

Ramatu kaɗai na tarar tana ɗaure kaya. Sesil ta bi motar gidan waya tun da sassafe. Ramatu ta durƙusa ta gaishe ni kamar jiya, ta kawo mini ruwa. Da ta zage ni da na fi jin daɗi.

"Ta ce ba da ni take fushi ba," in ji Ramatu. "Ta ce mai tsayawa bakin raga bayanta take ba abokiyarta, ba ta waiwaye. Yanzu kuwa ba za ta iya ba ni baya ba, tana tunanin abin da mutanena ke cewa. Za ta amsa wa Baturiyar."

Na ce ai ni gani na yi tana cin rabonta.

"Kawu, ƙwallon da take tarewa ni nake shirya mata ita. Don ta tare nake bugawa haka. Shekarun nan duka abin da muke koyo ke nan."

Ta ba ni sukari da ganyen shayi da atamfa in kai wa uwarta. Goron na bar shi kan tabarma, ban san wanda ya ci ba.

Sai da muka ƙara kwana kafin mu sami motar Barmu. A tasha mutane suka gane makaɗi, suka riƙa roƙonsa ya yi musu ta shekaranjiya. Na ce in ya taɓa gangar nan zan fasa ta a kansa. Ya ce ni na saya, shi sayarwa ya yi. Na haye mota. Dawowa ban ga hanya ba, ban ga Kalfu ba, ramukan ma ban ji su ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na daɗe ina cewa kowa ya ci gaba a ƙasar nan rabon wani ya ci, kuma har yanzu ban janye ba game da wasu. Amma da wannan idon na shiga filin da ban san dokarsa ba, ban tambayi kowa ba, na kai gudummawar da ba a nema ba. Ba Nasara suka tsayar da ɗiyarmu ba, ba manyan Yamai ba. Kawunta ne, da kuɗin motarsa.

Da yamma muka iso. Waƙar ta riga mu, waɗanda suka dawo jiya sun kawo ta. Ina shiga gidan yayata na tarar da 'yan mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, taɓarya ba ta taɓa taɓarya, suna yin koma ki ci daidai da dakan. Na daka musu tsawa. Ɗayar, 'yar maƙwabta ce, ta yar da taɓarya ta fice da gudu. Tamu ta tsaya, sannan ta ci gaba ita kaɗai, dakan yana ɗingishi.

Yayata ta leƙo daga ɗaki tana dogara sanda.

"Kai kuma daga zuwanka? Ka kore mata abokiyar daka, sai ka ɗauki taɓaryar ka taya ta."

Na tsaya da atamfa a hannu.

Ta ce, "To zauna mana. Yaya Ramatu, sun ci?"